Ƙwallon kwando a Amurka: koci na gaskiya takardunka yake nema, ba kuɗinka ba

A filayen ƙwallon kwando na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da wuya ka sami matashin da tsawonsa ya doshi mita biyu wanda ba a taɓa ce masa “kai Amurka ta dace da kai” ba. A fada ake faɗa masa, a gida ake faɗa masa. Daga baya wani baƙo ya biyo shi ta WhatsApp ko Instagram, ya ce shi wakili ne, yana da koci a hannu, abin da ya rage kawai shi ne kuɗin dosiye. Daga nan ake sayar da babur, ko uwa ta kwaso kuɗin adashi, ko yaya da ke ci-rani ya turo abin da ya shekara yana tarawa.

Ra'ayina a kan wannan batu a fili yake. Zuwa Amurka ta hanyar ƙwallon kwando abu ne mai yiwuwa, kuma ƙofar da ta fi faɗi ga irinmu ita ce ta kwalejojin shekara biyu, waɗanda Amurkawa ke kira JUCO. Sai dai da takarda ake buɗe ƙofar: bak, Ingilishi, bidiyon wasa cikakke da kuma tayi a rubuce daga makaranta. Ba a sayen ta a hannun kowa. Bugu da ƙari, a halin da ake ciki, wanda fasfon Nijar kaɗai yake riƙe da shi an rufe masa ƙofar biza. Duk wanda ya ɓoye maka ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, aljihunka yake hange.

Mene ne JUCO?

Bayan sakandare, ɗalibi a Amurka na iya shiga jami'a ta shekara huɗu kai-tsaye, ko kuma ya fara da kwaleji ta shekara biyu wadda ta fi araha kuma ta fi sauƙin shiga, daga nan ya wuce jami'a ya ƙarasa sauran shekara biyun. Wasannin mafi yawan waɗannan kwalejoji na ƙarƙashin hukumar NJCAA, wadda aka kafa a 1938 kuma take da mambobi sama da 500. Babbar gasarta ta ƙwallon kwando ta maza ana yin ta kowane watan Maris a Hutchinson, wani ƙaramin gari a jihar Kansas, tun 1949. A wannan mako masu horar da ƙungiyoyin manyan jami'o'i kan cika zauren wasan, kowa na neman wanda zai ɗauka.

Abin da dillali ba zai tsaya ya bayyana maka ba shi ne, kwalejojin nan kashi uku ne. Na rukuni na ɗaya suna da izinin ba ɗan wasa cikakken tallafi, wato burs da ta haɗa kuɗin makaranta, littattafai, ɗaki da abinci, har da kuɗin tafiya da dawowa sau ɗaya a shekara. Na rukuni na biyu kuɗin makaranta da littattafai kawai suke iya biya, ɗaki da abinci na kanka. Na rukuni na uku ba sa bayar da ko sisi saboda wasa. Jihar Kalifoniya kuwa tana da tata hukumar daban, ita ma ba ta bayar da tallafin wasa. Ko a rukuni na ɗaya, izini ne dokar ta bayar, ba ta tilasta ba. Ƙungiya ba ta wuce ƴan wasa 15 masu tallafi, kuma makarantu da yawa ba su da kuɗin da za su cika wa kowa.

Saboda haka idan aka ce “an ɗauke ka”, tambayar farko ita ce: wane rukuni, kuma nawa za su biya? Ɗalibin da ya zo daga waje, idan aka haɗa kuɗin makaranta, ɗaki, abinci da inshorar lafiya, a wurare da yawa yakan buƙaci sama da dalar Amurka 15,000 a shekara, wato sama da sefa miliyan 8. Tallafin da ya biya rabi ya bar wa iyayenka sauran rabin.

Darasin ɗan Zariya

Kada a ɗauka JUCO matattarar waɗanda suka gaza ce. Jimmy Butler ya fara a kwalejin Tyler ta jihar Texas kafin ya koma Jami'ar Marquette, Chicago Bulls ta ɗauke shi a lamba ta 30 a 2011. Dalton Knecht ya yi shekara biyu a wata ƙaramar kwaleji a jihar Colorado, Los Angeles Lakers ta ɗauke shi a lamba ta 17 a 2024. Ime Udoka, wanda ya buga wa Najeriya kuma yake horar da Houston Rockets tun 2023, shi ma ta nan ya bi. Namu na gida, Abdoulaye Harouna ɗan Yamai, ya ratsa ta kwalejin Southern Idaho kafin Jami'ar Miami ta jihar Ohio, daga baya muka gan shi a gasar BAL ta nahiyar Afirka.

Amma misalin da ya fi ba ni darasi shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. Ya yi shekara biyu yana wasa a kwalejin Bismarck ta jihar Dakota ta Arewa, inda sanyin hunturu ke sauka ƙasa da sifili da digiri 20. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. Ya yi ƴan shekaru yana wasa a Turai, ya koma farautar ƴan wasa, da farko ma ba albashi. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2019 kuma ƙungiyar da yake shugabanta a lokacin, Toronto Raptors, ta ɗauki kofin NBA. Ƙafafunsa ne suka kai shi Bismarck, amma kansa da harshensa da mutanen da ya sani ne suka kai shi sauran wuraren.

Lissafin ma ba shi da wuya. Ƙungiyoyin NBA 30 ne, kowace shekara kusan mutum 60 suke zaɓa daga duniya baki ɗaya. Jami'o'in rukuni na ɗaya na hukumar NCAA kaɗai sun haura 350, ban da ɗaruruwan kwalejoji. Wanda ya tafi da niyyar NBA ko ba komai, kusan tabbas ba komai zai dawo da shi. Wanda ya tafi da niyyar ƙwallo ta biya masa karatu, shi ne ya fahimci cinikin.

Yadda ake ɗaukar ɗan wasa a zahiri

Kocin JUCO ba shi da kuɗin da zai hau jirgi ya zo Yamai ya kalle ka. Abu uku yake dogara da su: bidiyo, takardu, da shaidar mutumin da ya yarda da shi.

Bidiyon da matasanmu suka fi turawa shi ne na minti ɗaya, an ɗora waƙa a kai, ana ta zura ƙwallo a kwando ba mai tsaro. Wannan na burge abokai ne kawai. Koci na son gajeren bidiyo na minti uku zuwa huɗu da zai ja hankalinsa, sannan wasa cikakke ɗaya ko biyu, daga farko har ƙarshe, da alƙalin wasa da abokan hamayya na gaske, a kuma nuna lambar rigarka. A nan zai ga ko kana komawa tsaro da gudu, ko kana miƙa ƙwallo, da yadda kake yi idan an ƙwace maka ita. Waya ɗaya da aka kafe a wuri mai tudu ta isa wannan aiki.

Sai wasiƙar imel. Sunaye da adireshin masu horarwa suna nan kyauta a shafin intanet na kowace kwaleji. Ka rubuta da kanka, a taƙaice, da Ingilishi: sunanka, ranar haihuwa, tsawo da nauyi, gurbin da kake bugawa, shekarar da ka ci bak ko za ka zauna ta, makinka, mahaɗin bidiyo, da lambar kocinka na gida. Su da ƙafa da inci suke awo, mita 2.01 ita ce ƙafa 6 da inci 7. Ka auna ba takalmi, ka faɗi gaskiya. Wanda ya ƙara wa kansa santimita biyar, ranar farko a zauren motsa jiki asirinsa zai tonu, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka ma rage shekaru a takardar haihuwa: ƙarya a dosiyen biza na iya jawo wa mutum haramcin shiga ƙasar har abada.

Takardu kuwa su ne inda mafi yawan matasanmu ke faɗuwa. NJCAA ba ta barin wanda bai kammala sakandare ba ya yi wasa, ke nan wanda ya bar lise a aji na biyu don ya “mai da hankali ga ƙwallo” da hannunsa ya rufe wa kansa hanya. Makaranta za ta nemi takardun maki da aka fassara zuwa Ingilishi, da sakamakon jarrabawar harshe irin su TOEFL, IELTS ko Duolingo. Bayan ka isa ma ba a gama ba: dole ka yi rajistar aƙalla awa 12 na darussa a kowane zango, kuma kafin ka buga kaka ta biyu sai ka ci awa 24 da matsakaicin maki 2.0 cikin 4. Kaka biyu kawai gare ka. Idan maki ya zube, ko kai ne ka fi kowa jefa ƙwallo, benci za ka zauna, jami'ar da ke zawarcinka kuma ta juya ga wani. Mu da muka yi karatu da Faransanci, wannan nauyi ninki biyu ne a kanmu.

Idan koci ya gamsu, makaranta ce ke aiko da takardar alƙawari a hukumance, wadda ke zayyana abin da za a biya. Ta shekara ɗaya ce tak, ba ta biyu ba. Kafin ka sa hannu ka tambaya: me tallafin ya ƙunsa, me ya bari? Wa zai biya inshora idan na ji rauni? Ina zan kwana, me zan ci lokacin hutun Disamba idan an rufe ɗakunan kwana? Ƴan wasa nawa kuka tura jami'a bara, kuma ina suka je? Kocin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ka amsa.

A sani kuma, kasuwar ta ƙara tsauri. Tun 2021 da aka sauƙaƙa wa ƴan wasan jami'o'i sauya sheƙa, manyan masu horarwa sun fi son ɗauko gogaggu daga wasu jami'o'in, lamarin da ya tura ƙwararrun yaran Amurka da yawa zuwa JUCO. Da su za ka yi takarar gurbi.

Maganar biza

Ko da komai ya kammala, sai da bizar ɗalibai ta F-1. Makaranta ce ke bayar da takardar I-20, ɗalibi ya biya dala 350 na rajistar SEVIS, kusan jika 200, da dala 185 na neman biza, sama da jika 100. Dukansu ga gwamnatin Amurka ake biya, ba ga wani mutum ba. Bizar ba ta yarda ka yi aiki a cikin gari yadda ka ga dama ba, sai a cikin harabar makaranta, shi ma bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu. Mai tunanin zai riƙa tuƙa mota da dare yana turo kuɗi gida ya sake lissafi.

Ga kuma babbar maganar. Tun ƙarshen Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da bayar da biza na yau da kullum. A ranar 16 ga Disamba 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan dokar da ta saka Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, cikin ƙasashen da aka hana ƴaƴansu shiga Amurka, daga 1 ga Janairu 2026. Najeriya ma an dakatar mata da bizar ɗalibai. An keɓe masu katin zama na dindindin, da masu ƙasa biyu da ke tafiya da fasfon ƙasar da dokar ba ta shafa ba, da ƴan wasan da za su manyan gasanni irin Kofin Duniya da Olamfik. Yaron da wata kwaleji ta gayyata ba ya cikin wannan rukuni na ƙarshe. Dokar fasfo take bi, ba garin da ka ajiye dosiye ba, don haka wanda ya ce ka kawo kuɗi ya bi da kai ta Kwatano, Lome ko Akara, kuɗin mota da na masauki kawai zai ƙara maka a kan asara.

Dillalan buri

Tun kafin wannan doka ma akwai masu cin kasuwa da burin yaran Afirka. A 2019 wata kotun tarayya a birnin Charlotte ta yanke wa Evelyn Mack, mai wata makaranta mai zaman kanta, ɗaurin wata 18, saboda ta karɓi kuɗi ta yi wa ɗalibai baƙi kusan 75 rajistar bogi. Da yawansu ƴan ƙwallon kwando ne da aka kwaso daga Afirka aka rarraba su a hannun wasu masu horarwa. A Amurka aka yi wannan, da takardu masu hatimi. To ina ga wanda ba ka san fuskarsa ba sai hoton da ya sa a WhatsApp?

Alamomin ba sa ɓuya. Yana neman kuɗi kafin ka ga takarda daga makaranta. Yana rubuto maka ta adireshin Gmail maimakon na makaranta da ke ƙarewa da .edu. Yana ba ka tabbacin biza, abin da ko shugaban kwalejin ba zai iya ba. Yana ce maka bak ba dole ba ce. Yana gaggauta ka, wai gurbin zai tafi gobe. Maganinsa kyauta ne: ka nemi sunan kocin a shafin makarantar, ka rubuta wa ofishin ɗalibai baƙi ka tambaya ko sun san da zamanka.

To me amfanin shiri?

Wani zai ce, tunda ƙofa a rufe take, me ya sa zan wahalar da kaina da Ingilishi da bidiyo? Tambayar na da hujja, kuma ba zan yi wa kowa alƙawarin ranar buɗewa ba. Akwai ma gaskiya mai ɗaci: shekaru ba sa jira, kuma a rukuni na ɗaya na NCAA wasannin gasa da mutum ya buga bayan shekara ɗaya da gama sakandare na iya rage masa kakannin da zai buga a jami'a. Wasu da ke da shekara 20 a yau, wataƙila damar ta wuce su.

Amma a duba abin da nake cewa a tanada: bak, Ingilishi, bidiyon wasa, da suna mai kyau a wurin koci. Wanne ne a ciki zai lalace idan Amurka ba ta buɗe ba? Su ne dai za a tambaye ka a Kanada, a Faransa, a Maroko. Da bidiyo da shaidar koci ake kai yaro gaban masu zaɓe na makarantar NBA da ke Saly a Senegal, ko sansanonin Basketball Without Borders da Giants of Africa, wadda Masai Ujiri ya kafa a 2003. Gasar BAL da aka fara a Kigali a 2021 ta nuna cewa ana iya cin abinci da ƙwallon kwando a nahiyar nan. Dokar shugaban ƙasa da sa hannu ɗaya ake kafa ta, da sa hannu ɗaya ake janye ta, bak kuwa shekaru ake yi ana nema. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga ƴan uwa da ke ƙetare

Iyayen da ke Bronx, Harlem ko Greensboro, ƴaƴanku da aka haifa a can ko masu katin zama ba ruwansu da matsalar biza, kuma suna iya neman tallafin gwamnatin tarayya ta hanyar cike FAFSA, abin da ɗalibi mai F-1 ba shi da haƙƙi a kai. Kada ku ɗauki kwalejin shekara biyu a matsayin abin kunya a gaban dangi. Yaron da zai buga minti 25 a JUCO kuma ya fita ba bashi, ya fi wanda ya ci bashi don ya zauna a bencin jami'a mai suna. Amma ku ma ku tambayi rukuni: kwalejojin Hostos da Bronx da ke kusa da ku na rukuni na uku ne, ba tallafin wasa a can. Wannan duka ya shafi ƴan mata kamar yadda ya shafi maza, domin NJCAA na da gasar mata da irin wannan tsarin tallafi.

Ɗaliban Nijar da suka riga suka shiga kuma suke karatu, kada ku yanki tikitin hutu zuwa gida sai kun zauna da ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku. Ku kuma yayye da kawunai da ake kira a ce ku turo kuɗin dosiyen ƙane, kafin ku je wurin aika kuɗi ku ɗauki waya ku kira makarantar. Kuna jin Ingilishi, kuna ƙasar, minti biyar ya ishe ku gano gaskiya.

Aikin da ke gabanmu a gida

Hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa da ƙungiyoyinmu na da rawar da ba ta buƙatar miliyoyi. A riƙa ɗaukar bidiyon kowane wasan gasa ana ajiyewa. A riƙa rubuta alƙaluman kowane ɗan wasa. A yi rajistar yara da ranar haihuwarsu ta gaskiya tun suna ƙanana. A daina barin yaron da ya bar lakkwal ya sa rigar ƙungiyar matasa. A kuma tanadi mutum ɗaya da iyaye za su iya kai wa duk wani tayi daga waje ya tantance kafin a fitar da ko dala ɗaya. Masu horarwa na unguwa, ku ne yara suka fi jin maganarku fiye da ta iyayensu. Ku riƙa tambayar takardar maki kamar yadda kuke tambayar wanda ya makara a atisaye.

Kai kuma ƙanena mai tsawo, tsawonka kyauta ce daga Allah, ba ka yi masa wahala ba, kuma akwai dubban irinka daga Dakar zuwa Juba. Abin da zai bambanta ka da su shi ne abin da ke cikin dosiyenka. Ka je atisaye da yamma, ka je aji da safe. Duk ranar da wani ya ce ka kawo kuɗi ya kai ka Amurka, ka ce ya fara turo sunan makarantar da rukuninta da takardar tayi. Mafi yawansu daga nan ba za ka sake jin ɗuriyarsu ba.